DAGA LUGBE ZUWA RUMBUN ƘAUYE: WA KE RIƘE DA TALAKA?

Duk baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ya nufi tsakiyar birnin Abuja, galibi ta Lugbe zai ratsa, ko ya san sunan wurin ko bai sani ba. Ta nan manyan jami'an Babban Bankin Nijeriya suke bi, ta nan kuma ake wucewa da masanan da akan gayyato daga Ingila da Amurka domin su yi jawabi a kan yadda za a kai harkar banki ga talakan ƙauye. Motocinsu kan wuce a guje, gilasai a rufe. Da direba zai sassauta, su kuwa su dubi gefen titi da almuru, da sun ga rabin amsar tambayar da za su kwana uku suna juyawa a zauren otal. Laimomin masu POS ne a jere, a gaban kowace kuwa ga ɗan acaɓa, ga ɗan garuwa, ga mai shayi, ga leburan gini da ƙurar siminti a gira, kowa da 'yan kuɗinsa a hannu yana jira a tura masa gida.

Gidan nan kuwa ba a Abuja yake ba. Yana can Ƙanƙara ko Gumel ko Illela, ko wani ƙauye na bayan Azare da ba a sa cikin taswira ba. Mazauna Agege da Idi-Araba a Ikko, da na Sabo a Badun da Shagamu, da na Anacha da Fatakwal, ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan layi, domin su ma irinsa suke bi. Abin da ya bambanta Lugbe shi ne, a nan ne masu tsara dokar kuɗi da waɗanda dokar ke faɗa wa a ka suke haɗuwa kullum a kan titi ɗaya, ba tare da wani ya yi wa wani sallama ba.

Ita kanta Lugbe darasi ce. Kafin dokar 1976, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa sabon babban birni da ita, Lugbe da maƙwabtanta irin su Kuchingoro da Piwoyi da Pyakasa ƙauyukan Gbagyi ne masu noman doya da dawa. Yau rukunin gidaje sun cinye mafi yawan gonakin. Dokar ta damƙa ƙasar Birnin Tarayya baki ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya, saboda haka manomin da ya gaji gona tun kaka da kakanni ba shi da takardar da zai ajiye wa banki jingina, alhali wanda ya zo jiya aka yanka masa fili a kan wannan gonar yana iya karɓar rancen miliyoyi da tasa takardar. Nisan banki da talaka, ashe, ba duka da mil ake auna shi ba.

ABIN DA ƘIDAYA TA NUNA

Tun daga 2008 wata ƙungiya mai suna EFInA take bin gidaje a duk faɗin ƙasar nan tana tambayar manya yadda suke ajiya da rance da aike. A bincikenta na farko ta tarar da fiye da rabin manyan ƙasar ba su da hulɗa da banki ko wata kafar kuɗi kowace iri. A 2012 Babban Banki ya yi alkawarin rage adadin zuwa kashi 20 cikin ɗari kafin ƙarshen 2020. Da shekarar ta zo sai aka tarar da kusan kashi 36 suna waje, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 68. Binciken 2023 ya nuna an sauko zuwa kashi 26 a ƙasa baki ɗaya, amma Arewa maso Yamma tana da kashi 47, Arewa maso Gabas kuma kashi 38.

Babu mai musun an ci gaba, kuma wayar hannu da masu laima ne suka yi mafi yawan aikin. To, amma ya kamata jama'a su lura da abin da ake ƙirgawa. Ana ƙirga wanda yake da asusu. Ba a cika ƙirga sa'o'in da tsohuwa ta yi a kan babur kafin ta kai ga mai POS ba, ko abin da aka zaftare mata kafin kuɗin ɗanta su shiga hannunta, ko kuwa ranakun da aka ce mata babu sabis ta koma gida hannu rabbana. Asusun da kuɗi ke shiga da safe su fita kaf da azahar bututu ne kawai, ba rumbu ba.

Gwamnatoci kuwa sun daɗe da amsa guda ɗaya ga wannan matsala, wato a buɗe banki a raba bashi. A 1973 aka kafa Bankin Manoma a Kaduna. A 1977, bayan rahoton kwamitin Dokta Pius Okigbo, aka tilasta wa bankunan kasuwanci buɗe rassa a karkara, kuma kafin shirin ya ƙare a 1989 an buɗe fiye da rassa ɗari bakwai. Da yawa daga cikinsu sai suka zama mazurari: su tattara ajiyar ƙauye su aika birni a ba 'yan kasuwa rance, har sai da Babban Banki ya sa doka cewa lalle a ranta wani kaso na ajiyar a inda aka tara ta. A 1989 aka kafa Bankin Talakawa ƙarƙashin shugabancin Tai Solarin, a 1990 aka soma bankunan al'umma, na farkonsu a Tudun Wadar Kaduna. A 2000 aka narkar da Bankin Talakawa cikin Bankin Manoma, a 2005 kuma aka fito da tsarin ƙananan bankuna, waɗanda aka soke lasisin 179 daga cikinsu a watan Mayun 2023. Na baya-bayan nan shi ne shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, wanda ya laƙume fiye da naira tiriliyan ɗaya. Ko a ƙididdigar Babban Banki kansa a 2023, abin da ya dawo bai wuce rabi da kaɗan ba. Shekara hamsin ke nan ana sauya wa tulu ɗaya suna, yana yoyo ta wuri ɗaya.

BINCIKEN DA AKA YI A ƘAUYUKAN ZARIYA

Abin takaici shi ne, binciken da zai gyara wannan tunani ba a wata duniya aka yi shi ba. A 1988 zuwa 1989 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Christopher Udry, ya shekara yana bin kimanin gidaje ɗari biyu a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya, yana rubuta duk bashin da aka ci da wanda aka bayar. Ya tarar da cewa manoman nan ba su zauna jiran banki ba. Gidaje uku cikin huɗu sun ba da rance a wannan shekara, kusan biyu cikin uku sun ci, rabinsu kuwa sun ci kuma sun bayar. Kusan dukan bashin tsakanin dangi ne da maƙwabta. Babu jingina, babu takarda, sau da yawa ma ba a yanka ranar biya ba.

Amma babban abin da ya gano shi ne yadda biyan yake lanƙwasawa daidai da halin da mutane suka shiga. Idan wanda ya ci bashin ya gamu da tsautsayi, ruwa ya ci gonarsa ko ciwo ya kwantar da iyalinsa, sai a sassauta masa, ya biya ƙasa da yadda zai biya da lafiya ƙalau. Idan kuwa mai bashin ne masifa ta auka wa, sai wanda ya ci ya ƙara masa a kan abin da zai bayar. Wanda ya ƙi biya da gangan kuwa ba kotu ake kai shi ba. Gaban dattawa da masu gari ake kai maganar, kuma ya san ƙofar da zai rufe wa kansa. Wato abin da Bature ya raba gida biyu, ya kira ɗaya rance ɗaya inshora, Bahaushen ƙauye ya daɗe da ƙulla su wuri guda.

Mazauna Kurmi sun fi kowa sanin wannan, domin a kansa aka gina zango. Wani masani, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Badun a 1962 zuwa 1963, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi, ba takarda ba sa hannu, sai lamunin maigida wanda ya san kowane mahauci da nauyin aljihunsa, wanda kuma zai biya daga nasa idan mahaucin ya gaza. Dubban fam suna yawo tsakanin Arewa da Kudu a kan amana da sanin mutum. Bankin da ya ce wa jikokin waɗannan mutane ba su san harkar kuɗi ba, lalle bai duba tarihi ba.

Sai dai tsarin ƙauye yana da rauni guda, kuma Udry bai ɓoye shi ba. Da yake bashin ba ya ƙetare iyakar gari, yana maganin tsautsayin mutum ɗaya ne kawai. Ranar da fari ya sauka, ko fara, ko ambaliya, ko kuma a wannan zamani 'yan bindiga suka hana gari duka zuwa gona, mai bayarwa da mai karɓa duk sun zama ɗaya, babu mai ɗaga wani. A nan ne ake bukatar kuɗin da ba su dogara ga ruwan saman garin ba. Su wane ne ke da irin waɗannan kuɗi? Ɗan garuwan Lugbe ne, da mai gadin Ikoyi, da mai sayar da albasa a Mile 12. Ɗan ci-rani shi ne inshorar ƙauyen Arewa, kuma shi ne bankin raya karkara da bai taɓa rufe ƙofa ba, ko da yake babu wanda ya taɓa kiransa taro a Abuja.

Binciken ƙasar Kenya ya tabbatar da wannan. Bayan an soma aiken kuɗi ta waya da M-Pesa a 2007, masana biyu, William Jack da Tavneet Suri, sun bi gidaje shekara da shekaru. Sun tarar da cewa idan masifa ta auku, gidajen da ba sa amfani da tsarin sukan rage abin da suke kashewa da kimanin kashi 7 cikin ɗari, masu amfani da shi kuwa ba sa ragewa, saboda taimako yana iso musu da sauri, daga mutane da yawa, kuma daga nesa. Ba rance aka ba su ba. Hanya kawai aka share tsakaninsu da 'yan'uwansu.

Shi kuwa rancen da ake ta kururutawa tun da Muhammad Yunus da bankinsa na Grameen suka sami lambar Nobel a 2006, an auna shi. A 2015 aka buga sakamakon gwaje-gwaje shida da aka yi a Indiya da Habasha da Maroko da Meziko da Mongoliya da Bosniya. Ƙaramin rance ya taimaki wasu masu sana'a, musamman waɗanda dama suna da abin yi, amma bai fid da jama'a daga talauci ba kamar yadda aka yi ta shela.

RANAR DA BUTUTU YA TOSHE

Wanda yake shakkar muhimmancin wannan hanya ya tuna da farkon 2023. An sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka janye tsofaffi kafin sababbi su wadata. Dattawan da suka ga canjin kuɗi na watan Afrilun 1984 sun ce sun ga maimaici. A Lugbe da sauran unguwannin bayan gari, mutane sun sha biyan naira dubu ɗaya har zuwa dubu biyu domin su ciri dubu goma daga kuɗinsu na kansu. Wannan a gefen babban birni ke nan. A ƙauye kuwa, ɗa ya tura, saƙo ya nuna kuɗi sun shiga, amma mai POS ba shi da tsabar da zai bayar, mai hatsi a kasuwa kuma ba ya karɓar komai sai tsaba. Manoma suka karyar da amfanin gona da dabbobi ga duk wanda ya zo da takardar kuɗi a hannu. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 kafin abin ya soma lafawa. A wannan lokaci dukan waɗannan mutane suna cikin ƙidayar masu asusu.

Saboda haka matsalar ba a bakin turawa take ba. Lugbe ta cika da masu laima har suna rige-rigen mai aike. Matsalar tana bakin karɓa, kuma can ya kamata masu bincike da masu doka su mai da hankali: tsabar kuɗi a hannun wakilin ƙauye, layin waya mai ƙarfi, katin shaidar ɗan ƙasa ga matan karkara ba tare da tafiyar yini guda ba, da tsaron hanyar da wakilin zai bi ya ɗauko kuɗi daga gari, domin reshen banki ya ƙaurace wa ƙananan hukumomi da dama.

Akwai kuma tambayar sunan wa kuɗin ke shiga. A lokacin ƙarancin abinci na 2010 a Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar agaji ta Concern ta raba tallafi na wata biyar a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wasu a hannu, wasu ta waya. Jenny Aker da abokan aikinta suka bi sawu, suka tarar da cewa gidajen da matansu suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun fi samun ci, domin matan ba su ɓata lokaci a hanya da layi ba, kuma kuɗin sun shigo musu a asirce, suna da ta cewa a kansu. Can ma a Maraɗi ne aka soma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke zuba 'yan kuɗinsu mako-mako cikin akwati, suna ranta wa junansu, su raba idan zagaye ya cika. Adashi ne aka yi wa kwaskwarima, babu kuɗin gwamnati a ciki, amma daga ƙasar Hausa ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Magidancin da ke tura kuɗin cefane ta asusun wani ɗan shago a bakin kasuwa, ana cire lada sau biyu, gari duka kuma ya san abin da ya aiko, ya kamata ya yi tunanin buɗe wa mai ɗakinsa ko mahaifiyarsa nata asusun in ya je gida.

LOKACIN AIKE

Abu na ƙarshe da bincike ya nuna ya fi sauran sauƙi, kuma yana hannun mai karatu. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta bayyana yadda talakan manomi yake sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ya fi araha, saboda bashi da biki da haraji sun taso, sa'an nan ya dawo yana awo da tsada da damina, har ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani domin abin da za a ci da dare. Haka talauci yake haifar kansa shekara bayan shekara. A yammacin Kenya an gwada ba manoman masara rance daidai bayan girbi domin kada su karyar, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna kowace ɗari da aka ranta ta jawo ribar kusan 29.

Galibin 'yan ci-rani sukan ƙara aike ne idan kuka ya zo daga gida, wato a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare, tiya kuma ta yi tsada. Wanda ya iya daurewa ya tara, ya tura rabin wannan kuɗi da kaka domin a biya bashi a bar gero a rumbu, ya sayi abinci mai yawa da kuɗi kaɗan. Ba a ce a tara don neman riba ba. Waɗanda suka cika ɗakuna da masara suna jiran tsada sun ji jiki da farashi ya faɗi a 2025. Abincin gida ake magana, wanda ko farashi ya hau ko ya sauka za a ci shi.

Wannan shi ne irin rancen da ya kamata Bankin Manoma da bankunan da ba sa cin ruwa, irin su Jaiz da ya soma aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, su gwada a kasuwannin hatsi na Arewa: kuɗin da ke zuwa da kaka, a biya da bazara, a kuma sassauta idan damina ta ƙi. Mutane da yawa suna gudun banki ne saboda kuɗin ruwa, ba saboda jahilci ba, kuma bai kamata maganinsu ya tsaya a manyan titunan Abuja da Kano ba.

Su ma masu bincike akwai hakki a kansu. Ana shiga gidan manomi a ci masa sa'a biyu da tambayoyi cikin Hausa, a tafi a rubuta sakamako cikin Turanci, a ƙaddamar da shi a otal, wanda aka tambaya bai ƙara jin ɗuriyarsa ba. Binciken da aka yi a ƙauyukan Zariya ya fi shekara talatin ana karanta shi a jami'o'in Amurka, amma da wuya a sami ɗan ƙauyen da aka taɓa karanta masa shi. Gidajen rediyo suna nan, kuma fassara ba ta kai kuɗin shayin taro guda ba.

Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da shugabannin 'yan kasuwa na zango su ma suna da abin yi tun kafin gwamnati ta motsa. Su ne suka san ko daga wane gari jama'arsu suka fito. Suna iya tattara sunayen garuruwan da babu wakilin kuɗi ko babu layin waya, su miƙa wa 'yan majalisarsu da Babban Banki a rubuce, da yawan mutanen da ke aike can kowane wata. Suna iya kuma faɗakar da masu ajiya su tambayi ko wurin da suke zuba kuɗi yana ƙarƙashin inshorar hukumar NDIC, wadda tun 2024 take lamunce har naira miliyan biyar ga mai ajiya a babban banki, da miliyan biyu a ƙaramin banki. Wanda ya damƙa guminsa ga kamfanin da ba ya cikin wannan rajista, ranar da aka wayi gari ofis a kulle, babu inda zai kai ƙara a biya shi ko kwabo.